Rabon Faifan Kawu

Kana cikin ɗakin karatun unguwa ranar da kwamfuta ta daina yi wa Kawu magana. Na gan ka. Ka ɗaga jarida ka kare fuskarka.

Kawuna ba ya gani. Da tsohuwar kwamfutar da ke gindin taga yake buga wa mutane takardu, domin akwai manhajar da ke karanta masa allo da murya. Sai Sakataren ɗakin karatun ya kawo ƙaton faifan ajiya, ya raba shi gida biyu. Sabon tsarinsa na tafiyar da kwamfuta ya ɗora a gaba, na Kawu ya tura shi can ƙurya. Tsohuwar na'ura kuwa daga gaban faifai kawai take iya tashi. Kawu ya zauna ya kasa kunne, shiru.

"Malam Sakatare, ko mutuwa ta yi?"

"Lafiyarta ƙalau, Baba. Ga zaɓi nan a allo, duba mana." Ya yi dariya. "Au, afuwa."

Har da mai taya shi a cikinku.

Ban yi gardama ba. Na jira ranar da ya tafi taro, na kwashe komai zuwa wani faifai, na sake rabo. Na Kawu ya dawo gaba. Sakatare kuwa na bar masa ɗan gurbi a gaba inda tsarinsa zai riƙa tashi, sauran kayansa na kai ƙurya, ko hoto ɗaya ban goge ba. Sannan na koma kan allon zaɓi, inda ake tambayar tsarin da za a shiga, na mai da rubutunsa baƙi a kan baƙi. Wanda bai danna komai ba, wajen Kawu zai faɗa.

Da safe Sakatare ya kunna. Allo ya yi duhu, murya ta gaishe shi. Ya sake kunnawa, ta sake gaishe shi.

"Kai ɗan boko, me ka yi wa injin nan?"

"Naka yana nan, ranka ya daɗe. In allo ya yi baƙi, danna maɓallin ƙasa, ka danna na shiga. Sai dai ka yi sauri."

"Ta ina zan san lokacin? Ba na ganin komai."

Kawu ya gyara zama. "Sannu, ɗana. Da farko akwai wuya. A hankali ake sabawa."

A hanyar gida Kawu ya ce ban kyauta ba. Ya faɗa yana danne dariya, don haka ban ba shi haƙuri ba.

Yanzu Sakatare ya kai ƙara gaban kwamitin ɗakin karatun. Yana so a wanke faifan duka, a bar tsari ɗaya, nasa. In ya ci, Kawu ya bar aiki ke nan.

Gobe ne zaman, kuma kana da kujera a kwamitin nan. Ka zo. Kada ka tsaya ga ɗaga hannu, Kawu ba zai gani ba. Ka buɗe baki ka ce a'a, yadda zai gane muryarka.