Sun Ci?

Ni Hamdatu, 'yar Zangon Kumasi, na daɗe ina aikin kula da tsofaffi a Bronx, amma ban taɓa gamuwa da mai taurin kai irin Baba Yacouba ba. Tsoho ne ɗan Nijar, ya haura casa'in, yana zaune wajen 'yarsa Aïchatou a unguwar Tremont. Ita tana shagon atamfa, ni nake yini da shi.

Abin da ya hana mu sakat shi ne ya daina cin abinci. In dama koko, ya kau da kai. Aïchatou ta yi masa fura irin ta garinsu, ko kallo ba ta ishe shi ba. Ruwa kaɗai yake kurɓa, shi ma sai da lallashi. Likita ta ce idan aka shiga wani makon a haka, gidan jinya za a kai shi, a riƙa ba shi abinci ta roba. Aïchatou ta fito daga ɗakin likitar tana kuka, ta ce ubanta ba zai ƙare a hannun waɗanda ko gaisuwarsa ba sa ji ba.

Kuma duk lokacin da na ajiye kwano gabansa, magana ɗaya ce: “Sun ci?”

Tun farkon zuwana Aïchatou ta ba ni labarinsa. Yana saurayi Faransawa suka ɗebe shi soja, suka kai shi Aljeriya ya yaƙi masu neman 'yancin ƙasarsu. Ranar da aka ce su cinna wa rumbunan wani ƙauye wuta, sai ya saɓa bindigarsa ya haye duwatsu ya koma wajen waɗanda aka turo shi ya kashe. Baƙo, ko Larabcin kirki babu, amma kafin a gama yaƙin shi ke jan runduna guda.

“Hankalinshi can ya koma,” in ji ta. “Yaƙin yake tambaya. Ki ce mishi sun ci, shi ke nan.”

Haka na riƙa yi. “Sun ci, Baba! Faransawa sun tattara komatsansu sun gudu!” Sai ya dube ni irin duban da ake yi wa mai shirme, ya rufe ido. Har waƙe-waƙen 'yanci na kunna masa a waya. Ina! Ko gezau.

Ranar Laraba haƙurina ya ƙare, ni da ma ba ni da shi da yawa. Na dangwarar da kwanon na ce, “Haba Baba! Sun ci, sun ci, sun ci! Tutar ma har ta koɗe! Don Allah ka buɗe baki, za su raba ka da gidan nan fa!”

Ya buɗe ido. Ban taɓa ganin idon nan a sarari haka ba.

“Ɗiyata,” ya ce, “na san an ci yaƙi. Ina wurin. Tuwo nake tambaya.”

Ei! Sai na zauna a ƙasa.

A hankali yake magana, yana hutawa. Ya ce wata shekara sanyi ya rufe su a kogo, ƙanƙara ta toshe hanya, abin da ya rage musu ɗan garin sha'ir ne. Ya ga manya suna cika ciki, ƙanana suna lasar kwano. Nan ya yi rantsuwa hannunsa ba zai ƙara shiga akushi ba sai mutum na ƙarshe a cikin mutanensa ya ci. Ya shiga kiran sunaye: Bilkasim, Mas'ud mai tari, Lahsan da ɗan'uwansa. Mutanen da ƙasa ta daɗe da rufewa, yana kiransu kamar suna bayan ƙofa.

“Ba ni ganinsu,” ya ce. “Wa ya ba su?”

Tsohon nan ya mance sunan titinsu, wani lokaci har sunan 'yarsa, amma bai mance yana da mutane a wuyansa ba. Ni da nake yi masa tsawa kamar yaro, ashe shugaba ne yake bakin aikinsa. Kunya ta kama ni, girmansa kuma ya cika mini ido.

Na kira Aïchatou a shago, na faɗa mata abin da ya ce. Ta ce, “Bar ni da Souley.” Mijinta ke nan.

Ranar Juma'a, ana saukowa daga masallaci, Souley ya shigo da jama'a: masu tallan huluna da tabarau, direbobin tasi, da Mahamudu ɗan garinmu mai aikin kaya a filin jirgi, wanda bakinsa ba ya hutawa. Muka shimfiɗa tabarma a falo, muka ajiye babban faranti na dambu. Suka shigo da hayaniya, Hausar Maraɗi na karo da ta Kumasi.

Baba ya ce a tayar da shi zaune, a sa masa hula. Da muka turo shi a kekensa na marasa lafiya, falon ya yi tsit. Ba wanda ya ce su miƙe, amma duk suka miƙe.

Ya yi musu alama da hannu, suka zauna suka sa hannu. Shi kuwa idonsa na kan farantin, yana bin kowace loma.

“Kai mai jar riga,” ya ce wa Mahamudu, “tura wa na kusa da kai. Bai samu nama ba.”

“To, Kwamanda,” in ji Mahamudu. Wallahi babu wasa a muryarsa, kuma ban taɓa jin hakan daga gare shi ba.

Suka cinye tas. Aïchatou ta ƙyafta mini ido, na kawo kwanon Baba. Ya dubi kwanon, ya dubi mazan ɗaya bayan ɗaya, bai miƙa hannu ba. Na ce shi ke nan, Litinin za su zo su ɗauke shi.

Sai ya ɗago kai ya dube ni.

“Ke fa?”

“Ni, Baba? Ai ni aiki nake yi a nan.”

“Mai dafa wa runduna,” ya ce, “'yar runduna ce. Zauna.”

Na durƙusa gaban keken, na ɗebi loma daga kwanonsa na kai baki. Hawaye ya hana ni jin ɗanɗanon. Bai ɗauke ido daga kaina ba sai da ya ga na haɗiye. Sannan ya naɗe hannun rigarsa, ya ce bismillahi, ya sa hannu a kwanon.