Wayar Haƙorin Ikhlas

"Buɗe da kyau! Kar ki haɗiye yawu!"

Aziza ta durƙusa gaban ƙanwarta Ikhlas a tsakar gidansu na Furfuri, cike da murna. Kayan da ta yi oda ta waya sun iso a motar Gusau: siririyar waya, 'yan ƙarafan da ake liƙawa a haƙori, robobi kala-kala, da wata kwalbar gam da ba ta kai ɗan yatsa ba. Sana'a ta samu! 'Yan matan birni duk sun koma sa wayar haƙori don gayu, ita kuwa ta kalli bidiyon yadda ake yi har ta haddace.

Ga talla kuma ta zo har gida. Ikhlas ce ta yi ta ɗaya a musabaƙar Alƙur'ani ta Bungudu, za ta je ta jiha a Gusau, inda za a yi ta ɗaukar hotonta. Tun tana firamare ba ta da burin da ya wuce hawa kujerar musabaƙar jiha, amma ita ma yarinya ce, tana son a gan ta tsaf.

"Wai mi ke cikin kwalbar ga?" Inna Fatsuma, mahaifiyarsu, ta tambaya daga bakin murhu.

"Nano ne, Inna. Wasu ƙwayoyi ne mitsi-mitsi da ido bai gani, su ke kashe cutar baki. Likitoci ma shi suke sawa."

Abin da mai kayan ya faɗa mata ke nan, ta juye shi kaf. Inna ta gyaɗa kai. Suna ne mai daɗin faɗa, ba ta ga abin tsoro ba.

A bidiyon, akwai wata shuɗiyar fitila da ake haska gam ɗin da ita ya bushe. Aziza ba ta da ita, amma ba ta rasa dabara ba. Ta yagi shuɗiyar leda ta naɗe fitilar wayarta, ta haska bakin ƙanwarta.

"Shuɗi ai shuɗi ne," in ji ta.

Da Ikhlas ta kalli madubi sai ta yi tsalle ta rungume yayarta. Maƙwabta suka cika gida, wata har da guɗa. Kafin la'asar hoton ya zaga, ana ta kiran Aziza daga Karakkai har Tsafe.

"Anti, gam ɗin ga yana da ɗaci hwa, kamar fetur," in ji Ikhlas.

"Aikinsa yake yi."

Duk ƙarfen da ya goce, Aziza ta ƙara masa gam ta ɗaure wayar tam. Dasashi ya kumbura, Ikhlas ta ɓoye, don kar a ce a cire.

* * *

Ranar musabaƙa motar makarantarsu ta tashi da kabbara. Zauren ya cika maƙil, Inna na can baya tana leƙe ta tsakanin kawuna. Aka kira suna, Ikhlas ta zauna, ta ja basmala da muryar nan tata mai sa tsikar jiki tashi. Wuri ya yi tsit. Aziza ta ɗaga waya sama, zuciyarta fal alfahari.

Sai aka zo harafin da dole harshe ya dafa haƙoran gaba. Ta dafa, haƙorin ya motsa. Alƙali ya buga ƙararrawa. Ta maimaita, iska ta fita ta gefe, ya sake bugawa. Haddarta na nan daram, bakin ne ya ƙi. Da ta buɗe shi a karo na uku, jini ya ɗiga a farin hijabinta.

* * *

A asibiti likitar haƙori ta juya kwalbar da Aziza ta ce nano ne a ciki, ba sunan kamfani, ba lamba.

"Mu ma akwai gam mai irin waɗannan ƙwayoyi, amma sai an gwada shi an tabbatar ba ya cutarwa. Wannan ko ni ban san abin da ke ciki ba, kuma bai bushe ba, shan sa ta yi ta yi. Haƙoran gaba guda biyu ba za su tsaya ba."

Aziza ta fashe da kuka.

* * *

Bayan sun koma gida, wasu 'yan mata uku suka yi sallama, tun daga Tsafe suka zo a sa musu waya. Inna na daka nama a turmi, don shi kaɗai Ikhlas ke iya haɗiya. Aziza ba ta yi musu dogon bayani ba, ta ce ƙanwarta ta buɗe baki su gani.

Suka yi salati, suka yi sannu, suka juya jiki a sanyaye. A bakin zaure ƙaramarsu ta tsaya, ta rage murya.

"Anti, to wa kuma ke sawa nan kusa?"