Uwar Maƙera a Kan Sikeli

Mato maƙeri ya tumɓuke uwar maƙerarsa daga ƙasa, ya naɗe ta da buzun akuya, ya ɗora wa jakin aro, ya bar Karofane. Ɗiyarsa Furera ce ta zo ɗaukarsa.

Shekarun yaƙin Nasara ne. Damina ta yi gardama, abin da ya rage a rumbuna kuma 'yan gardin kumandan, dogaran Nasaran da ke mulkin yankin, sun auna sun kwashe. Babu mai kawo gyaran hauya. Matar Mato ta rasu da bazara. Ɗansa Rabo an ɗebe shi soja, tun da ya tafi ba a ji ɗuriyarsa ba. Ƙafafun tsohon sun fara kumbura, kowa kuwa ya san abin da ke biyo bayan kumburi. Furera tana aure a Dogon Dutsi, gidan mijinta akwai hatsi. Ta bar goyonta wurin uwar miji ta taho.

Da hantsi suka iso Madawa. Mai jaki ya sauke kaya ya juya.

Motar Dogon Dutsi tana tsaye bakin kasuwa. Man mota ya yanke a ƙasar, sai aka ɗaura mata wata tukunyar ƙarfe a gefe, tana cin gawayi. Ba ta da ƙarfi. In ta zo hawa, mutane ke sauka su tura. Don haka kamfani ya kafa doka: mutum ɗaya ƙunshi ɗaya, kada ya wuce kilo goma, kuma sai ya shiga cikin wani akwatin katako marar murfi da aka ajiye kusa da sikeli. Motar nan ita ce ta ƙarshe da za ta ɗauki talakawa. Sauran motocin an ba soja.

Mai awon shi ne Alhusaini, kwamin kamfani, wato magatakarda. Bayansa can a inuwar baranda Nasaran kamfani na zaune yana kallo.

Mato ya saka ƙunshinsa cikin akwati. Ya shige, har da sauran wuri.

“To, ya shiga,” in ji shi.

“Saura awo, Baba.”

Alhusaini ya sunkuya zai ɗaga da hannu ɗaya, ƙunshi ya ƙi motsi. Ya sa hannu biyu ya kai shi kan sikeli. Ya dubi allura, ya dubi tsoho.

“Kilo ashirin da shida. Mi ke ciki?”

“Uwa ta.”

“Uwar wa?”

“Uwar maƙera,” in ji Furera da sauri. “Ƙarhen da suke ƙira bisa shi. Don Allah, malam.”

Wani ɗan kasuwa mai ƙiba, Mutari, wanda ya riga ya kama wuri mai kyau a bayan shofer, ya leƙo.

“Tsoho, kai ka ɗaukar motar ko ita ka ɗaukar ka?”

Aka yi dariya. Mato bai dube shi ba.

Furera ta ajiye nata ƙunshin a ƙasa. Ƙoren mahaifiyarta ne a ciki da zanen saƙi biyu, iyakar abin da marigayiyar ta bari.

“Na bar nawa. A haɗa goma tawa da goma tasu.”

“Ba a haɗawa,” in ji Alhusaini. Ya rage murya. “Ko na rufe ido na haɗa, shida ta yi saura. Ga shi can shina kallonmu.”

Mato ya kwance buzun ya yar. Ya cire guduma da awartaki da ya cusa a gefe, ya ajiye. Ƙarfen ya fito tsirara, baƙi, kansa ya yi santsi don duka. Aka sake aunawa. Ashirin da uku.

Sai tsohon ya taka ya hau sikelin da kansa. Ya sunkuya, ya ɗauki uwar maƙera ya rungume.

“Karanta.”

“Baba, ku sauka,” in ji Furera.

“Karanta, na ce.”

Alhusaini ya duba. “Sittin da takwas.”

“To, a sauko da wancan mai bakin a auna shi. In ni da ita mun kai shi, na haƙura.”

Wannan karon Mutari aka yi wa dariya. Ya ce shi tumbinsa gadon gida ne, ba a ɗora masa a jaki ba. Alhusaini bai yi dariya ba.

“Gaskiyarku, Baba. Amma kaya aka ce in auna, ba a ce mutum ba. In na bari ta hau, yau za a kore ni, ita kuma a jefo ta ƙasa.”

Shofer ya zagayo daga wajen tukunyar gawayi, hannunsa baƙi ƙirin. Ya ƙwanƙwasa ƙarfen da yatsa.

“Nasara na sayen tsohon ƙarhe, ana kai shi wajen yaƙi. A ba shi, ku huta.”

“A narke ta a harbi ɗiyan mutane? Nawa ɗan ma na can,” in ji Mato.

Shofer ya koma wurin wutarsa.

Furera ta durƙusa gaban mahaifinta. “Baba, akwai maƙera nan Madawa. Mu ba su ajiya. In sauƙi ya samu, a zo a ɗauka.”

“Ba a ba da ita ajiya.”

“Ba sayarwa na ce ba.”

“Ina salla, kin sani. Amma wannan tun kakan kakana, hannun gidanmu kaɗai ke yanka mata zakara. In ta kwana maƙerar wani, ya yanka mata, ta zama tashi. Rabo ya komo ya tarad da mi?”

Duk Karofane babu mai tsammanin Rabo sai Mato. Furera ta sauya magana.

“Can Dogon Dutsi ba ƙira za ku yi ba, Baba. Hura za ku sha ku kwanta.”

“Shi ne abin da na ce. In tahi in zama bakin ci gidan suruki. Da ita, ni maƙeri na. Ba ita, tsoho na.”

Motar ta yi tari, ta kama. Hayaƙi ya turnuƙe. Mutane suka yi ta hawa, kowa da ƙunshinsa a cinya. Alhusaini ya ɗauki ƙunshin Furera ya miƙa sama da kansa.

“'Yar'uwa, ki hau. In ta mutu, tada ita aiki ne.”

Nono ya jiƙa gaban zanenta. Ta dubi hanyar Karofane, babu jaki, babu kowa. Ta dubi ƙafafun mahaifinta. Ba za su kai shi ko bayan gari da wannan nauyin ba.

Ta kama ƙarfen mota ta hau. Ta miƙo hannu.

“Baba, don darajar Inna. Ku bar ta nan. Ku miƙo hannu.”

Mato ya sauke uwar maƙera a gindin bango, ya zauna kusa da ita, ya miƙe kumburarrun ƙafafunsa.

“Ba ni hawa.”