Jinin Gidan Hajo

Tun da Mariyamu ta rasu, Likita Lurwanu bai sake cin abinci ya ji daɗinsa ba. Cutar da ta ɗauke matar tasa ba baƙuwa ba ce a wurinsa. Garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta cinye 'yan halittun nan da ke zaune bisa ƙoda, sai mutum ya rame, ya yi baƙi, tsayuwa ta gagare shi. Abin da ya hana shi sakat tambaya ɗaya ce: ko 'yarsu Afnan ta gada?

Shi ya sa ya addabi gidan surukarsa Hajo a unguwar Bani Harisa, can ƙasa mai tsarki, da allura. Ya ɗebi jinin tsohuwar, ya ɗebi na 'ya'yanta da jikokinta, har yaran suka riƙa ɓuya in sun ji motarsa. Shekaru ya yi yana aika kwalabe Riyad yana jira. Kowane sakamako ya dawo wankakke, babu alamar cutar a gidan kaf. Na Afnan ma lafiya, sai dai ya san cutar takan yi lamɓo a jikin yaro. Dangin ne madogararsa.

Ran nan bayan la'asar ya je da albishir, har da kwalin dabino. Ya gaya wa Hajo cewa abin ba na gado ba ne, tunda duk zuriyarta lafiya lau.

Tsohuwa ta yi hamdala, ta zuba masa gahawa. Daɗi ya kwance mata baki, ta ce dama ita ta san jininta ba shi da komai, ai Mariyamu ba ita ta haife ta ba. A hanyarsu ta zuwa hajji ta ƙasa, can cikin Sudan, wata abokiyar tafiya ta rasu ta bar jaririya, ita kuwa ta ɗauka ta shayar. Uwar jaririyar ma haka ta ƙare, ta yi baƙi ƙirin, sai ɗaukarta ake yi. Ko garinsu ba wanda ya sani.

Lurwanu ya ajiye kofin gahawar. Shekarun nan duka jinin bare ya yi ta aunawa.

"Hajiya, me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Haba Likita, wa ke tona wa 'yar riƙo asiri? Nonona ta sha." Ta tura masa dabinon. "Allah Ya jiƙan baiwar Allahn da ta haifi Mariyamu. Kullum na kalli Afnan sai na tuna da ita, wallahi kamar an tsaga kara."