Kaset Ɗin Saude

Wada ya zura biro cikin ramin kaset yana juyawa, amma zaren ya riga ya tsinke, rabinsa na cikin rikoda kamar taliyar da ta dahu ta wuce. Shi ya gyara rikodar jiya a shagonsa na Tudun Wada, har da rantsuwa cewa za ta kai jikokin mai ita.

Filin makarantar 'yan mata ya cika. Ranar raba kyaututtuka ce, baƙi na zaune a rumfa suna fifita. A bayan aji 'yan mata sun jeru da ɗaurin zane iri ɗaya, 'yarsa Saude a gaba. Tun farkon zangon karatu suke koyon rawa da kiɗan diskon da ke cikin wannan kaset, kiɗan inji mai buga tim-tim ba gajiya, kuma ita aka ɗora wa jan layi.

"Baba," in ji Saude, "yanzu Malama Dije za ta kira mu."

Wada ya dubi buhun kayan aikinsa. A ƙarƙashin wayoyi akwai sakso, algaitar Turawan da ya busa a kulob ɗin ma'aikatan kuza na Riruwai, lokacin yana da gashi. Duk taron da zai je sai ya ɓoye ta a buhu, ko da za a buƙata. Tun da aka rufe kulob ba a taɓa buƙata ba.

"Na san kiɗan," ya ce. "In kuna koyo, ta katanga nake jin sa, har a mafarki."

"Ka sani, amma ba ka tsayawa a kansa! Kai sai ka ɗauki waƙa ka shiga daji da ita. Mu taku muka haddace, Baba. In ka kauce, mun watse."

Gaskiyarta. Abin da suke kira jaz ke nan a Riruwai: a gaisa da waƙa, a tafi yawo, a dawo in an tuna.

Lado makaɗi, abokinsa da aka ɗauko don tarbar baƙi, ya matso da gangarsa.

"Ni zan zama injin," ya ce. "Kai kuma, tsohon banza, ka rufa wa yarinya asiri."

Malama Dije, shugabar makaranta, ta kira su. Lado ya kama tim-tim. Wada ya sa baki.

Ya bi kiɗan sawu da sawu. Jimla ɗaya ce take ta maimaituwa, kamar mai tallan gyaɗa. 'Yan mata suka shiga, ƙafa na faɗawa daidai. Ya maimaita, ya sake maimaitawa. Gumi ya sauko masa cikin ido. Yatsunsa suka fara ƙaiƙayi, don yana hango hanyoyi a gefen waƙar, buɗe, ba kowa a kansu.

"Kul," in ji Lado ta gefen baki.

A tsakiyar kiɗan, inda inji kan yi ƙara kamar ƙofar kwano, ɗan yatsansa ya zame. Sakso ta haura sama, ta lanƙwasa, ta yi wani kuka mai daɗi da kaset bai taɓa yi ba. Yarinyar da ke bayan Saude ta tsaya cak. Ta bayanta ta buge ta. Wani a rumfa ya yi dariya.

Saude ba ta waiwayo ba. Ta juya sau ɗaya a inda take, hannu sama, kamar da ma haka aka tsara, sauran suka kwaikwaye ta. Sai ta watso wa ubanta wani kallo. Kallon uwarta ne sak. Wada ya dawo kan hanya da gudu, bai ƙara leƙa ko'ina ba har aka gama.

Aka tafa. Malama Dije ta zo da fara'a.

"Malam Wada, sannu da ƙoƙari! Wallahi kamar kaset."

Tun da yake busa ba a taɓa zaginsa haka ba. Ya rusuna ya yi godiya.

A hanyar gida Saude ce ta ɗauki buhun.

"Kar ka sake yi mini haka, Baba."

"Na tuba."

Ta wuce gaba, shi yana biye yana jan takalmi. Daf da kwanar kasuwa ya ji tana rera wani abu ƙasa-ƙasa. Ya kasa kunne. Ba jimlar kaset ba ce. Wurin da ya kauce ne, kuma ta ɗan ƙara masa wata lanƙwasa tata.

Ya buɗe baki zai gyara mata, sai ya rufe.