Littafin da Hajiya Indabo Ta Naɗe

Madam Iyatu ce ke kula da ɗakin littattafai na wata ƙaramar lakwal, wato makarantar boko, a Zango. Ɗaki ne ɗaya, da 'yan kantoci na katako da tabarma. Littattafan na labaran yara ne, yawanci da Faransanci, kuma ba su da yawa. Shi ya sa da darakta ya ce a fara bai wa 'yan aji biyu aro su kai gida, hankalinta bai kwanta ba.

Ta tara yaran a kan tabarma, ta ɗaga wani littafi da ruwa ya jiƙa har shafukansa suka manne.

"Kun ga wannan? Ya mutu. Wanda ya ci benga, waken nan mai mai, ya wanke hannu, ya goge, kafin ya taɓa littafi. Ba a lasar yatsa don juya shafi. Ba a lanƙwasa takarda, a sa ɗan ƙyalle inda aka tsaya. Kada ku ajiye shi inda ƙanenku zai kai, ko akuya."

Suka yi dariya. Ita ba ta yi ba, sai suka nutsu.

Kausara, wata 'yar siririya mai shekara bakwai, ta zaɓi labarin jakin da ya ƙi jan kurar ruwa. Ta rungume shi ta tafi.

Da mako ya zagayo aka dawo da littattafai. Wani ya sha ƙura, wani da shatin kofi a bango. Na Kausara kuwa naɗe yake cikin farin ƙyalle, yana ƙanshin turare, ko kusurwa ɗaya ba ta karye ba. Madam Iyatu ta ɗaga shi kowa ya gani, ta sa aka tafa mata. Sannan ta ce, "To, faɗa mana, yaya jakin ya ƙare?"

Kausara ta sunkuyar da kai.

"Ban karanta ba, Madam. Na gaya wa kakata abin da kika ce, sai ta karɓe ta ɗora saman kabad. Yau da safe ta sauko min da shi."

Bayan la'asar Madam Iyatu ta sa littafin a jaka, ta hau moto, babur ɗinta, ta je gidan su Kausara. Ta tarar da kakar, Hajiya Indabo, a tsakar gida tana tsintar shinkafa, jikarta na gefenta. Suka gaisa, aka kawo ruwa.

"Hajiya, na zo godiya ne, da kuma roƙo."

"Malama, amana aka ba yarinya," in ji tsohuwar. "Ta ce kin ce in ya lalace ya mutu. Mu abin da ke da rubutu sama muke ɗora shi, haka muka tashi muka gani wajen malamai. Wannan 'yar kuwa ko takalminta ba ta san inda take yar da shi ba."

"Gaskiyarki. Ni ce na tsorata su da yawa. Amma wannan don a karanta aka yi shi. In ya tsufa a hannunta, ba komai."

Hajiya Indabo ta dubi jikarta.

"To a gabana za ta riƙa buɗe shi. Ke, je ki wanko hannu."

Kausara ta zauna, ta fara haɗa baƙi a hankali. In ta kai ƙarshen layi sai ta mayar wa kakarta da Hausa, wani wurin ta cusa yaren Mooré in kalma ta ɓace mata. Madam Iyatu ta bar su a shafi na uku, tsohuwar tana tambayar ko mai jakin yana ba shi dusa.

Mako na gaba Kausara ta shigo tana kuka. Shafin tsakiya ya cire. Ita da kakar sun maimaita labarin har littafin ya gaji, yaran maƙwabta ma sun zo kallon hotuna.

Madam Iyatu ta kira yaran duka, ta ɗauko gam da siririyar takarda. Ta nuna musu yadda ake daidaita shafi, a shafa gam kaɗan, a danne da abu mai nauyi. Ta bar Kausara ta danne da kanta.

"In ya yage, kada ku ɓoye, kada ku liƙe da koko ko cingam. Ku kawo mu gyara tare."

Kausara ta share hawaye da gefen hijabinta.

"Madam, Hajiya ta ce wannan karon in ɗauko mai raƙumi, in akwai."

Babu mai raƙumi. Suka duba kantocin tare, ta ɗauki na wata mata mai sayar da mangwaro a tashar jirgi.