Ƙafar da Ke Taka Keke

Amatullah tana ji da hannunta. Ta daɗe tana suyar awara a bakin kasuwar Farin Gada, har ta kai tana tsamo wadda ta soyu da yatsu, masu lodin tumatir na kallo suna riƙe baki. Wuta ba ta dame ta ba, kuma ba ta gajiya da faɗa wa mutane haka.

Mijinta Badruddeen tela ne a unguwar Congo-Russia, keken ƙafa yake takawa, da shi ake ci a gidan. Tun yana saurayi yake allurar ciwon suga. Da daminar bana ta zauna, sanyin Jos ya shiga ƙashi, sai ya fara kukan ƙafarsa ta dama, wai ta yi sanyi kamar ba tasa ba.

Amatullah kuwa ba a kawo mata kuka ta zauna. Ta dafa ruwan gashi, ta juye a baho da gishiri, ta tsoma hannu.

"Daidai yake, Malam. Sa ƙafar."

Ya sa, ya ɗan jira. "Ni fa ban ji komai ba. Ƙara."

Ta ƙara daga tukunya, har da yi masa tsiya wai sanyi ya mai da shi tsoho. Ta manta hannunta ba abin gwaji ba ne. Da ya ciro ƙafar, fatar yatsun ta tashi fari fat, shi kuma yana tambaya ko an gama.

Ƙunar ta ƙi warkewa. A asibiti Amatullah ta tare Dakta Gertrude a bakin ɗakin wankin ciwo.

"Likita, ni kullum mai na fallatso mini, washegari wajen ya bushe. Me ya sa nasa ya ƙi?"

"Madam, jini ba ya isa wajen sosai," in ji likitar. "Akwai wata 'yar tsoka a bayan tumbi da ke yin insulin, mai rage suga a jini. Tare da shi take fitar da wani ɗan sinadari, C-peptide. Ta mijinki ta daina yin duka biyun, allura kuma insulin kawai take ba shi. Masu bincike suna ganin sinadarin nan yana taimaka wa jajayen ƙwayoyin jini su yi laushi, su lanƙwashe su wuce ƙananan hanyoyin jini. In babu shi, ga suga, sai su yi tauri. Ƙafa ta yi sanyi, ji ya tafi, ciwo ya ƙi rufewa."

"To a sayar mana da shi mana."

"Bai zama magani ba tukuna. Ana kan bincike."

Amatullah ta so a yi mata faɗa. Likitar ba ta yi ba, ta ce kawai kada a sake sa masa ruwan zafi.

Babban yatsa da na kusa da shi aka cire. Keken ɗinkin na nan a shago, an rufe shi da zane. Duk wanda ya zo dubiya, Badruddeen sai ya riga shi: "Ni na ce ta ƙara ruwan." Wannan maganar ta fi komai cin ranta, don ta san hannun wa ya ce daidai yake.

Wata safiya ana yayyafi, yana kwance ya ce sanyin ya dawo. Ba ta ko kalli tukunya ba. Ta zauna a bakin gado, ta ɗora ƙafar a cinyarta, ta rungume diddigen da tafukan hannu biyu tana murzawa a hankali, har kafaɗunta suka gaji.

Idonsa na kan silin ya ce mata, "Maman Salma, ko za ki ɗan riƙe mini ƙafar nan?"

Ta dubi hannuwanta a kan ƙafar.

"To, Malam," ta ce, ta ci gaba da murzawa.